Yadda za ka gane ko ruwan da aka karkato cikin rafi yana cutar da shi

Yawancin mutane da an ce ana sako ruwa cikin rafi abin da ke fara zuwa musu a rai shine ƙazanta, wato ruwan masana'anta mai wari ko na kwata. To wannan ɗaya ne kawai daga ciki. Akwai ruwan da aka tara a dam ake sakowa ta ƙasa, akwai wanda aka janyo daga wani kogi ta bututu aka juye a wani, akwai wanda ya ratsa gonakin ban ruwa ya dawo, akwai wanda ake zuƙowa daga ramin haƙar ma'adinai, ga kuma wanda aka sanyaya injina da shi a tashar wutar lantarki. Wasu daga cikinsu in ka ɗiba a kofi garau zaka gansu, ba wari ba launi, amma duk da haka sai su juya rayuwar rafi gaba ɗaya, domin zafinsu daban, gishirinsu daban, yawansu da lokacin zuwansu ma daban da abin da halittun wurin suka saba da shi.

A Afirka ta Kudu an yi irin wannan. A 1975 aka buɗe wata hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 83 wadda ke ɗauko ruwan kogin Orange daga dam ɗin Gariep ta kai shi kogin Great Fish. Ruwa ne mai kyau, ba dagwalon kowa bane. Amma kogin da a da yake tsayawa idan fari ya yi sai ya koma yana gudu shekara zagaye, wani baƙin ƙuda mai suna Simulium chutteri ya samu wurin hayayyafa ya mamaye sauran ƙwarin ruwan ya addabi dabbobin makiyaya da cizo, tarwaɗa ma ta biyo ramin ta shigo kogin da a da babu ita. Da mutum zai tsaya kan awon sinadarai kawai da sai ya rubuta rahoto yace lafiya lau. Shi ya sa aikin bibiyar nan yake tafiya da abu uku tare: yawan ruwan, abin da ke cikinsa, da kuma halittun da ke zaune a ƙasansa.

Zaɓen wuraren awo, nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace

Kafin ka sayi mita ko ɗaya, ka taka rafin da ƙafarka daga sama da inda ake sako ruwan har zuwa can ƙasa, da takarda a hannu kana zana taswira. Duk wata ƙorama da ta shigo, duk bututu, duk mashayar dabbobi, duk gada, duk inda ake ɗibar yashi ka sa alama. Dalili kuwa in wani abu daban yana shigowa tsakanin wuraren awonka baka sani ba, to laifinsa zaka ɗora wa wanda kake bibiya, kuma ranar da aka zauna da masu ruwan cikin minti biyar zasu rusa maka rahoton.

Mafi ƙaranci kana bukatar wuri ɗaya a sama, inda ruwan da ake sakowa bai taɓa ba, shine ma'auninka. In da hali ka yi biyu, ko ka haɗa da wani rafi na kusa mai kama da wannan wanda ba a sako masa komai, don wuri ɗaya yana iya samun tasa matsalar. Sai bakin bututun ko bakin magudanar kanta, ka auna ruwan kafin ya haɗu da rafi. Sai ƙasa kaɗan inda suka gama gaurayuwa. Sai wasu biyu ko uku can gaba, kana nisanta su, don ka ga inda rafin ya fara farfaɗowa.

Maganar gaurayuwa ɗin nan mutane suna raina ta. Ruwan da ya shigo ta gefe ɗaya yana iya bin wannan gaɓar ya yi tafiya mai nisa bai haɗu da na ɗaya gefen ba, musamman a rafi mai faɗi marar zurfi wanda yake miƙe. In ka tsaya a gaɓar da bututun yake zaka ga lambobi masu tada hankali, in ka tsallaka ɗaya gefen kaga kamar ba a sako komai ba, kuma dukansu ba gaskiyar rafin bane. Hanya mai sauƙi itace ka ɗauki mitar awon gishirin ruwa, wadda ke auna yadda ruwa ke wuce da lantarki, ka tsoma a gefen hagu, tsakiya, gefen dama. In lambobin sun sha bamban ka ƙara gaba ka sake. Inda ukun suka zo kusan ɗaya to nan ne ruwan ya gama haɗuwa, nan zaka kafa wurin awonka.

Kuma kar ka tsaya nan kusa kace ai oksijin lafiya. Idan ruwan da ake sakowa yana ɗauke da abubuwa masu ruɓewa, ƙwayoyin bakteriya suna bukatar lokaci kafin su ci su cinye iskar, ruwan kuma tafiya yake, saboda haka wurin da oksijin ya fi faɗuwa yana iya kasancewa kilomitoci a ƙasa da bututun. Tun 1925 Streeter da Phelps suka fitar da lissafin wannan a kan kogin Ohio na Amurka, har yau dashi ake koyarwa.

Abu na gaba wanda ake yawan mantawa: in karkatar da ruwa aka yi, akwai wanda aka ƙwace wa. Sashen rafin da ke tsakanin inda aka ɗebe ruwan da inda aka maido shi, ko kogin da aka rage wa gaba ɗaya, shima yana bukatar wurin awo. Kogin Snowy a Ostireliya bayan an gama dam ɗin Jindabyne a 1967 kusan kashi 1 cikin 100 na ruwansa aka bar masa a ƙasan dam ɗin, sauran an juya shi wani wuri don lantarki da ban ruwa. Wanda ya je yana auna inda ruwan ya sauka kawai rabin labari ya gani.

Wuraren kuma su yi kama da juna. In na sama wuri ne mai duwatsu da ruwa ke gudu da sauri a cikin inuwa, na ƙasa kuma gurbi ne mai laka a buɗaɗɗiyar rana, to bambancin da zaka samu na wurin ne, ba na ruwan da aka sako ba. Duwatsu da duwatsu, gurbi da gurbi. Ka ɗauki lambar GPS ta kowanne da waya, ka zaɓi wata bishiya ko dutse da zaka riƙa tsayawa kana ɗaukar hoto ta fuska ɗaya kullum.

In Allah ya sa ba a fara sako ruwan ba tukuna, to ka yi sa'a babba, ka fara awo yanzu yanzu, aƙalla shekara guda da zata haɗa damina da rani. Bayanan kafin a fara ba a sayensu daga baya ko nawa zaka biya. Tsarin da masana suka fi yarda dashi kenan, kafin da bayan, sama da ƙasa, wanda suke kira BACI a taƙaice.

Yawan ruwa

Bakin bututu in ƙarami ne bokiti da agogon waya sun isa, ka ga sakan nawa bokiti mai lita 20 ke cika, ka maimaita sau uku. Rafin kansa kuma ka nemi wuri miƙaƙƙe mai tsawon kamar mita 10, ka auna faɗi, ka auna zurfi a wurare da dama daga gaɓa zuwa gaɓa ka fitar da matsakaici, sannan ka saki ƙaramar kwalbar roba da ka zuba wa ruwa rabi don kar iska ta riƙa tura ta. Misali faɗi mita 4, matsakaicin zurfi 0.25, ka ninka ka samu 1. Kwalba ta ci mita 10 a sakan 40, gudunta 0.25 kenan a sakan. Ruwan da ke kan fuskar rafi ya fi na gindinsa gudu, don haka ake ninkawa da 0.8 in ƙasan duwatsu ne, 0.9 in laka ce mai santsi. Ka ninka 1 ɗin nan da 0.25 da kuma 0.8 ka samu kubik mita 0.2, wato lita 200 a kowane sakan. Ba awon injiniya bane amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Ka kafa sanda mai zanen santimita a wuri ɗaya kana karanta tsayin ruwa duk zuwa, ita kaɗai ma tana ba da labari.

Amfanin wannan wahalar ga shi. A ce bututu na sako lita 50 a sakan da amoniya, wani sinadari mai cutar da kifi, miligiram 6 a lita, rafi kuma na kawo lita 200 da 0.1. Ka ninka kowanne da nasa ka haɗa ka raba da jimlar ruwan, 320 a raba da 250, ya ba ka kusan 1.3. Rani ya yi rafi ya koma lita 30, bututu bai canza komai ba, lissafi ya koma 303 a raba da 80, kusan 3.8. Kaga mai bututu zai rantse maka bai ƙara ko ɗigo ba kuma gaskiya ya faɗa, amma kifi ya shiga uku. In kana son sanin kilo nawa ke shiga a rana ka ninka miligiram a lita da lita a sakan da 0.0864, a misalin nan kusan kilo 26 kenan kullum.

Abin da ake aunawa a tsaye a bakin ruwa

Zafi, oksijin, pH (awon tsami ko kanwar ruwa) da gishiri ba a kai su lab, wato ɗakin gwaji, a nan take ake auna su don suna canzawa cikin kwalba. Kafin ka fita ka saita mitarka, ta pH da ruwan gwaji na 4 da 7 da 10, ta gishiri yawanci da na 1413, ka rubuta a littafi cewa ka saita da ranar. Mitar da ba a saita ba tana ba da lamba dai, har da ɗigo da komai, amma ba abin dogaro bace.

Oksijin shine wanda na fi so mutum ya fahimta sosai. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska, a digiri 20 iyakarsa kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko kusan 7.5, saboda haka ruwan ɗumi da aka sako ko babu ƙazanta a ciki ya riga ya rage wa rafi numfashi, alhali zafin na sa kifi ya ƙara bukatar iskar. Yawancin kifi suna son sama da 5, in ya faɗi ƙasa da 2 to ana maganar mutuwa. Matsalar itace lambar tana hawa da sauka cikin yini ɗaya. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna fitar da oksijin, da dare kowa shaƙa yake ba mai fitarwa, sai ya zamana mafi ƙarancinsa gab da fitowar rana ne. Rafin da takin zamani ya cika shi da gansakuka in ka auna da ƙarfe uku na yamma sai kaga 11 ko 12 kace masha Allah, ka dawo da asuba ka tarar da 2, kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Ma'aikata da yawa awon ƙarfe goma sha ɗaya suke yi don shine lokacin da mota ta kai su, kuma wannan awon bai kama komai. Ka daure ka riƙa yin na asuba, aƙalla a watannin da ruwa ya ja baya zafi ya yi yawa.

pH tsakanin 6.5 da 8.5 ba damuwa ga yawancin halittu. Amma ka riƙa karanta shi tare da amoniya, domin ɓangaren amoniya mai guba yana ƙaruwa da hawan pH da zafi: a digiri 25, pH 7 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, pH 8 kusan kashi 5, pH 9 ya haura kashi ɗaya cikin uku. Gishiri kuma ba lambar ce abin kallo ba sai tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa, in sama 150 ƙasa 600 akwai magana, ruwan da ya dawo daga gonaki da na ramin ma'adinai sun fi yin haka. Dagulewar ruwa ana auna ta da mita ko da dogon bututu mai haske wanda aka zana alama a gindinsa, kana zuba ruwa har alamar ta ɓace ka karanta tsayin.

Ruwan da ake sakowa daga ƙasan dam mai zurfi nasa halin daban ne, sanyi gare shi, sau da yawa ba oksijin, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai, duwatsun ƙasa su yi baƙi ko ja saboda manganis da ƙarfe. Wanda ke faɗowa daga sama da ƙarfi cikin gurbi mai zurfi kuma yana iya cusa iska fiye da ƙima a ruwan har kifi ya kamu, zaka ga idanu sun fito da ƙananan kumfa a fiffikensa.

In aljihu zai ɗauka ka sayi ƙananan na'urorin nan da ake ɗaurewa cikin ruwa suna rubuta zafi da kansu duk minti 15, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Su ne ke tona asirin wanda ke buɗe bututu da tsakar dare. Ka ɓoye su da kyau, ka riƙa zuwa kana goge su don gansakuka na rufe su.

Kwalaben da za a kai lab

Ka fara daga wurin da ya fi ƙasa kana hawowa sama, don lakar da ƙafarka ta tayar kar ta bi ruwa ta shiga samfurin gaba. Ka shiga inda ruwa ke gudu, ka fuskanci inda yake fitowa, ka ɗauraye kwalba sau uku da ruwan wurin kana zubarwa a bayanka, sannan ka nutsa ta ƙasa da saman ruwa ka cika. Banda kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta da wadda lab ya riga ya zuba wa sinadari, waɗannan ba a ɗauraye su. Ka rubuta wuri da rana da lokaci a jikin kwalba tun tana bushe, ka jefa cikin kula mai ƙanƙara. Na E. coli, ƙwayar bakteriya da ke nuna kashi ya shiga ruwa, yana son isa lab cikin awanni kaɗan, a ranar dai, na BOD da naitiret kar su wuce awa 48, na ƙarafa masu guba ana ɗiga masa asid sai ya daɗe. BOD ɗin nan ba wani abu bane illa a ajiye ruwan kwana 5 a duhu a digiri 20 a ga oksijin nawa ya ƙare.

Kar kace a gwada maka komai da komai, kuɗi zai ƙare a wata biyu. Ka dubi inda ruwan ya fito: na gona naitiret da fosfet da gishiri da laka, na ma'adinai pH da ƙarfe da salfet da ƙarafa, na gari amoniya da BOD da E. coli. Duk fita ka cika kwalba biyu a wuri ɗaya ka basu suna daban ba tare da ka gaya wa lab ba, ka kuma haɗa da kwalba ɗaya ta tataccen ruwa. In tagwayen suka dawo da sakamako mabambanta, ko tataccen ruwa ya dawo da amoniya, ka san inda matsalar take.

Ƙwarin ƙarƙashin dutse

Kwalbar ruwa kamar hoto ɗaya ce da aka ɗauka a sakan ɗaya, su kuwa ƙwarin nan watanni suke yi a wurin, wasu shekara ko fiye, basa iya guduwa nesa, don haka gubar da ta wuce da daddare makonni biyu da suka shige wadda mitarka bata gani ba, su sun gani, kuma rashinsu zai gaya maka.

Kayan aikin ba tsada: raga mai ƙananan ido, rabin milimita zuwa milimita 1, a jikin firam mai dogon hannu, farin tire mai ɗan zurfi, hantsaki, cokalin roba, madubin hannu mai ƙara girma, da ƙananan kwalabe da sinadarin etanol na kashi 70 ko sama. Ka kafa ragar a ƙasan rafi bakinta na kallon inda ruwa ke zuwa, ka tsaya a gabanta kana tumurmusa tsakuwa da ƙafa, manyan duwatsu ka ɗaga ka goge su da hannu a bakin ragar, ruwa da kansa zai kwashe abin da ya fito ya zuba ciki. A Ingila minti 3 ake yi ana zagaya irin wuraren da ke akwai. Kai ko wanne ka zaɓa ka riƙe shi, lokaci ɗaya, raga ɗaya, in da hali mutum ɗaya, a kowane wuri, kuma ka yi sau uku a kowane wuri don ɗauka ɗaya tana iya zama sa'a ko rashinta.

Ka juye a tire da ɗan ruwa ka dakata. Da farko ba abin da zaka gani sai ganye da yashi, ka ba shi minti biyu ruwan ya kwanta, sai kaga wani ɗan tsinke ya fara tafiya, ashe gida ne da wata tsutsa ta ɗinka da ƙwayoyin yashi ta leƙo da kai da ƙafafu tana jansa. Wannan dangin Trichoptera ne. Sai wani siriri mai jela uku kamar gashi, gefen cikinsa wasu ƙananan fukafukai na kaɗawa ba tsayawa, da su yake numfashi, wannan Ephemeroptera. Mai jela biyu da faffaɗan jiki da ke rarrafe da ƙarfi a kan dutse, Plecoptera, shine ya fi kowa rashin haƙuri da ƙarancin oksijin. Su ukun nan ake haɗawa a ce EPT, kuma yawan ire-irensu alama ce mai kyau. Ka lura dai akwai mai jela uku masu faɗi kamar ganye, wannan ɗan wani siririn mazari ne, ba ya cikinsu, sabbin shiga suna yawan ruɗewa dashi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai jajayen tsutsotsi ƙanana da ke murɗawa a laka, jan nan sinadarin jini ne da ke taimaka musu su rayu inda iska ta yi ƙaranci, da siraran tsutsotsin laka masu taruwa dunƙule, da matsattsaku, da wata farar tsutsa mai doguwar jela kamar ta ɓera wadda take miƙawa sama tana shaƙar iska. Ganin ɗaya ko biyu ba komai bane, a ko'ina ana samunsu. Abin tsoro shine tire ya cika maƙil da iri ɗaya ko biyu. Mutum sai yace ai ga rai nan da yawa, alhali sauran ne suka mutu suka bar wa masu taurin rai fili. Ka ƙirga iri nawa, ba guda nawa kawai ba.

Akwai tsare-tsaren ba da maki da aka riga aka yi, BMWP na Birtaniya wanda ke ba kowane dangi maki 1 zuwa 10, SASS5 na Afirka ta Kudu, da ƙaraminsa miniSASS wanda aka sauƙaƙa don 'yan makaranta da sauran jama'a. Ka nemi wanda aka yi don yankin da ya yi kama da naka, domin a ƙasashe masu zafi Plecoptera dama can kaɗan ne ko a rafi mai lafiya, in ka ɗauko jadawalin ƙasar sanyi sai ka yanke wa rafi hukuncin da bai ci ba. Ni a ganina ma kwatanta sama da ƙasa a rafi ɗaya ya fi kowane maki ƙarfi. Sau biyu a shekara ya isa, a watanni iri ɗaya kowace shekara, kuma kar ka je bayan ambaliya, ka bari a yi makonni uku zuwa huɗu su dawo.

Tunda kana cikin ruwan, ka ciro dutse ka duba gefensa, akwai layin da ke nuna iya inda laka ta binne shi. In a wurin awo na sama kwatan dutsen ne a binne, a na ƙasa kuma ya haura rabi, ramukan da ƙwari ke ɓuya kifi ke zuba ƙwai sun toshe kenan. Gansakuka mai dogon gashi kore alamar taki ne, wani abu fari-fari ko toka-toka mai yauƙi kamar jiƙaƙƙiyar auduga alamar ƙazanta mai ruɓewa ce, jan tsatsa a duwatsu kuma yawanci ruwan ma'adinai. Ka duba gaɓar da ke fuskantar bututu ko ta fara zaftarewa. Kifi kam yana da wahalar ƙirgawa, kama shi da lantarki sai da izini da horo, ga shi yana ƙaura in wuri ya ɓaci, amma masunta da suka daɗe a rafin zasu gaya maka wane iri ne ya ɓace da wanda ya bayyana, ka rubuta a matsayin abin da aka faɗa maka, daban da abin da ka auna.

Kan lafiyarka: kar ka je kai kaɗai, ka sa dogon takalmin roba da safar hannu saboda tsargiya da sauran cututtuka, in zurfi a mita ka ninka da gudu a sakan ya kusa 1 kar ka shiga. A ƙasan dam ka san lokacin da suke buɗe ƙofa, ruwa na iya tasowa cikin mintuna. Raga da takalmi ka wanke ka shanya su bushe kafin ka shiga wani rafin, kar kai ma ka zama mai jigilar baƙin halittu.

Karanta sakamako

Awon sinadarai sau ɗaya a wata ya yi, ka ƙara da fita ta musamman a ruwan sama na farko bayan dogon rani, da ranar da aka fara sako ruwa ko aka ƙara shi. Duk abin da ka samu ka zuba a tebur ɗaya a kwamfuta a ranar, ka zana layin sama da na ƙasa a jadawali guda. Abin da kake kallo shine tazarar da ke tsakaninsu. In duka biyun sun faɗi tare to yanayi ne, fari ko zafi. In na sama na nan yadda yake na ƙasa ya rabu dashi, kuma rabuwar ta fara ne daga lokacin da aka fara sakin ruwa, kuma tana raguwa in kana nisa da bututu, kuma ƙwari sun nuna abu ɗaya da mita, to yanzu kana da magana mai nauyi. Lamba ɗaya da ta yi tsalle kar ka goge ta kar kuma ka yi ta yayatawa, ka koma ka sake aunawa da wuri.

Wani lokaci mita zata ce lafiya ƙwari su ce a'a. Kar ka yi saurin zargin ragarka, yawanci hakan na nufin abin yana zuwa ne lokaci lokaci, ko wani sinadari ne da baka sa a gwaji ba kamar maganin ƙwari na gona ko kilorin, ko kuma hawa da saukar ruwan ne kansa, a buɗe da safe ya share komai a rufe da yamma gefen rafi ya bushe da ƙananan kifi a kai. A nan sai ka nemi masu kula da ƙofar dam ko famfon su baka littafin da suke rubuta lokacin buɗewa da rufewa da yawan abin da suka saki, ka ɗora shi a kan jadawalin na'urarka ta zafi. In sun hana, hukumar da ta basu izinin sakin ruwan galibi tana da sharuɗɗan a rubuce, ka nemi kwafi, ka kai musu teburinka da hotunan da littafin saita mita da takardun lab gaba ɗaya, ka kuma nuna musu a taswira daidai inda kake so su zo su ɗauki nasu samfurin da kuma ƙarfe nawa.